Kaset ɗin Baba Kalli

Bilya ya tura kaset ɗin cikin rediyon da ke gefen katifa, ya koma ya tsuguna yana murmushi irin na wanda ya san ya yi aiki. Baba Kalli ya lumshe ido, matarsa Iya Mairam ta dakata da fifita. Kaset ya yi ta juyawa, jita ba ta fito ba. Can ƙasa ana jin wani ɗan sauti siriri kamar kukan sauro cikin gwangwani, amma abin da ya cika ɗakin numfashin mutum ne, ana ja ana saki.

"Ina jitar?" in ji Baba Kalli.

"Batir ne, Baba."

"Jiya Mairam ta sa sabo."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Bilya da na tsohon. Tun zamanin da jirgin ƙasa ke barin Nguru da gyaɗa da fatu, Baba Kalli ke kaɗa jita a kulob ɗin ma'aikatan reluwe, amma ba a taɓa ɗaukar kiɗansa ba. Sai da ciwon ƙoda ya fara kumbura masa ƙafafu ya ɗauki jitarsa ya tako shagon Bilya da ke bayan kasuwa, inda ake kwafar kaset, ya ce a ɗauke shi kafin kumburin ya iso yatsu. Bilya, wanda bai daɗe da sayo tsohuwar kwamfuta daga Kano ba, yana kuma ji da ita kamar amarya, ya kafa masa makirfo biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Yanzu asibiti ta sallamo tsohon, yatsun nan ko cokali ba sa riƙewa, abu ɗaya yake jira, ya ji kansa.

"Wallahi Baba, a hedifon ɗina ras take fita. Bari in ɗauko miki, in ɗauko maka shi ka ji." Har baki ya sarƙe wa Bilya.

"Garin nan kowa hedifon gare shi? Irin wannan rediyon mutane ke da shi." Tsohon ya ɗaga hannunsa ya duba. "Ashe tun ranar ba abin da ya rage a hannun nan. Kiɗan ya riga ni tafiya, Bilya."

"Haba Malam, daina faɗin haka," in ji Iya Mairam, ta ci gaba da fifita da sauri.

Tsoro ya kama Bilya, tsoro na gaske. Ya bar kaset ɗin a rediyon, ya yi alkawarin dawowa da gyararre gobe.

Bai dawo gobe ba. Ya ƙara wa sautin kauri, jita ta zama kamar ana buga ta cikin randa. Ya ƙara mata zaƙi, ta koma sauronta, sai dai babba. Duk wanda ya kwafa sai ya tsallaka titi ya gwada a rediyon Zarami mai shayi, wanda shi ma sifika ɗaya gare shi kamar na Baba Kalli.

"Kai Bilya, wannan majinyacin wa ka ɗauka?" Zarami ya tambaya yana ɗaga shayi sama. "Kashe shi, yana kore mini mutane."

Kowace safiya in Bilya zai fita sai ya tarar da takalma a ƙofar maƙwabcinsa, jiya ƙafa uku, yau bakwai. 'Yan uwa sun fara isowa daga Gashua da buhunan shinkafa, kuma ya san ba a kawo wa mai shan koko cokali biyu buhun shinkafa. Ya riƙa wucewa da sauri, kunya ta hana shi leƙawa.

Rana ta uku, bayan azahar, aka kawo wuta. Ya zauna ya buɗe hoton sautin, layi biyu masu hawa da sauka, na sama makirfon dama, na ƙasa na hagu. Ya yi ta ƙara musu girma har ya ga abin da ya kwana uku yana kallonsa bai gani ba. Duk inda na sama ya hau, na ƙasa sauka yake. A hedifon kowane kunne nasa yake ji, shi ya sa ba a gane komai. Amma da sun haɗu a sifika ɗaya, wannan na turawa wancan na ja, sai su cinye juna. Jita tana tsakiya, duka biyun sun ɗauke ta daidai, ita ta tafi. Numfashin kuwa, da yake tsohon kan karkatar da kai hagu in yana kiɗa, makirfo ɗaya ne ya kama shi, ya tsira.

Bilya ya jawo wayar makirfon hagu ya kwance bakinta. Ɓera ya taɓa cinye ta, shi da kansa ya liƙe ta da dalma, ya sa jar waya a gurbin fara, abin da ya juyar da sautin ke nan. Hannun Baba Kalli lafiya lau yake ranar.

Ya kifar da layin ƙasa, ya kwafa, ya ruga wurin Zarami. Jita ta fito ɓul, cike, har wani mai ɗaukar kifi ya sauke kwandonsa ya tsaya.

Da ya shawo kwanar layinsu ya ga an shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofarsa, ana fito da makara. Da kaset ɗin a aljihun gaba ya bi sahu aka yi salla, da shi ya zuba ƙasa. Ya yi kuka, kowa ya ɗauka na maƙwabtaka ne kawai.

Bayan sadakar bakwai ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ɗakin Iya Mairam, labule a tsakaninsu. Ya miƙa kaset ɗin ta ƙasa, ya faɗa mata komai, har maganar ɓera da dalma. Ta ciro tsohon kaset ta sa sabon, suka saurara har waƙa ɗaya ta ƙare.

"Haka yake kaɗawa a reluwe," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka, Bilya."

"Amin, Iya. Ki ba ni lalataccen in goge shi."

"A'a. Bar mini wannan."

Ya tashi. Yana zura takalmi a zaure ya ji ƙarar buɗe rediyo, ya ji an sauya kaset. Sai numfashin Baba Kalli ya taso daga bayan labule, ana ja ana saki, Iya Mairam ta ɗan ƙara wa rediyon murya.