Jarka a Bayan Kujerar Direba

Maigidana direban doguwar mota ne, kuma a tasha sunansa Ba-Tsayawa. In ya tayar da mota da sassafe, ba ya saurara wa kowa sai ya dire fasinjoji inda za su, tafiyar rabin yini cur. Sauran direbobi su tsaya shan shayi, shi ko ya wuce su yana danna musu ham. Ya ɗauki sunan nan kamar sarauta, in an kira shi da shi har tafiyarsa canjawa take yi.

Dabarar kuwa ni kaɗai na san ta: mutumin nan ba ya shan ruwa. Tun daren tafiya zai fara gaba da kofi, da safe ya kurkure baki ya tofar, a hanya ya riƙa taunar gasasshen nama mai gishiri don kada gyangyaɗi ya kama shi. In ya isa ya kora da lemon kwalba. Na yi magana har bakina ya gaji, amsarsa ɗaya ce kullum, wai raƙumi ma ai lafiyarsa ƙalau.

To, wata safiya raƙumin nawa ya zube a bakin ƙofa riƙe da kwiɓi, yana kiran mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. A asibiti aka ce tsakuwa ce a ƙodarsa. Kafin ta fito ya yafe wa kowa da kowa, har da waɗanda ba su taɓa yi masa laifi ba. Da likita ta nuna mana ita a cikin 'yar kwalba, sai na ga ko ƙwayar shinkafa ba ta kai ba. Na dubi tsakuwar, na dubi ƙaton mijina, Allah ya yafe mini, dariya ta ƙwace mini har sai da nas ta fitar da ni waje.

Likita ta ce in bai canja hali ba, wata za ta sake taruwa. Ya riƙa shan ruwa har fitsarinsa ya yi haske, a matsa lemun tsami a ciki in da hali, ya rage gishiri da nama da lemon kwalba, amma kada ya tsorata ya daina shan madara yadda wasu ke yi. Gishiri da nama ya ce ya bar wa Allah. Ruwan ne ya tsaya masa a wuya, don wanda ya sha dole ya tsaya.

Ana gobe zai koma aiki ya zauna a bakin gado ya ce mini, "Ranar da fasinja ya yi mini dariya, ranar zan ajiye makullin motar nan."

Na san mijina, in ya faɗa zai aikata. Na kuma san in ya rabu da sitiyari ba zai yi wata guda yana gane kansa ba. In ko na bar shi ya tafi shi kaɗai, ba zai sha ko ɗigo ba. Don haka na cika jarka da ruwa, na matse lemun tsami har yatsuna suka yi yaushi, na ce da ni za a yi tafiyar.

Kada ku so ku ga yadda na yi murna. Duk zaman aurenmu ban taɓa shiga motarsa ba. Na yafa sabon mayafina, na zauna a kujerar da ke bayansa daidai, jarka tsakanin ƙafafuna, ina ta murmushi kamar wadda aka ba kyautar motar. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar firit, kowa Iya yake ce mata. A ɗaya gefen akwai wani ɗan kasuwa mai tumbi da wani malamin makaranta da ya sha takalmi sau-ciki. Na gaishe su, na gaya musu ni ce matar direba, ko da yake ba wanda ya tambaye ni.

Muna fita gari na miƙa kofi ta kan kafaɗarsa. Ya harare ni ta madubi, na mayar masa da murmushi, ya karɓa ya shanye. Da muka wuce gada na sake miƙawa. Ya ce ƙasa-ƙasa wai so nake in kashe shi, na ce a'a, likita ce ta aiko ni.

Ba a jima ba alamu suka fara. Ƙafarsa ta hagu ta kama rawa. Ya kashe rediyo, ya kunna, ya sake kashewa. Ya fara kallon itatuwan bakin hanya da wata irin sha'awa da ban taɓa ganin ya kalle ni da ita ba. Na cusa mayafi a baki, kafaɗuna sai girgiza suke, Iya ta tambaye ni ko hajijiyar mota ce. Muka zo wani gidan mai, ya dube shi, ya dubi madubi, ya taka mota ya wuce. Nan na daki bayan kujerarsa da gwiwa. A gidan mai na gaba ya kunna sigina.

Ba-Tsayawa ya tsaya. Ya miƙe da ƙyar, ya gyara murya, ya ce, "Zan duba taya."

Ya sauka, ya shuri tayar gaba sau ɗaya don fita hakki, sannan ya zagaya bayan gidan man da wani sauri da bai dace da shekarunsa ba. Ni dai na zata fasinjoji za su fara tsaki. Sai kawai na ga ɗan kasuwar nan ya tsallake buhun wani, tumbi da komai, ya yi waje. Malamin makaranta ya bi shi, takalmi ɗaya ya maƙale a ƙofa, bai ko waiwayo ba. Mata suna jan yara, maza suna ba juna haƙuri da gwiwar hannu. Kafin ka ce kwabo motar ta zama fayau, daga ni sai Iya sai jarka. Na yi dariya har hawaye ya ɓata mini kwalli.

Da maigidan ya fito, ya tarar da motarsa kaf ta yi layi a bakin makewayi. Ɗan kasuwa ya dube shi ya ce, "Direba, ya jikin tayar?"

Layin ya fashe da dariya. Tawa kuwa nan take ta ɗauke, don na ga fuskarsa. Ya taho a hankali, ya hawo, ya zaro makullin daga aljihu ya riƙe a tafin hannu yana kallo. Na yi nadamar jarkar, na yi nadamar lemun tsamin.

Iya ce ta taɓa hannun rigarsa. Ta ce, "Ɗana, ruwan nan na matarka, za a iya sam mini?"

Ya ce me zai hana, ya tambaye ta ko ba za ta sauka ba.

"In sauka in yi me? Tun la'asar ɗin jiya ruwa bai shiga bakina ba. Duk ranar da zan shiga motarka haka nake yi, shekara da shekaru. Jikokina nake zuwa gani, kai kuma ba ka tsayawa, ni ko ina jin nauyin in ce wa namiji ya tsaya."

Fasinjojin da suka fara dawowa suka tsaya a ƙofa suna ji. Ɗan kasuwa ya ce shi ma haka yake yi. Malamin makaranta, yana saka takalminsa, ya ce bara shi ma ya kwanta da ciwon kwiɓi, bai dai gaya wa kowa dalili ba.

Maigidan ya dube su ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Ni da nake yi don ku."

Iya ta ce, "Mu ma don kai muke yi, ɗana."

Ban taɓa ganin mijina ya ji kunya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa son sa kamar ranar ba. Ya zura makullin a mazauninsa bai murɗa ba. Ya ɗauki jarkar da kansa, ya cika kofi, ya durƙusa ya miƙa wa Iya da hannu biyu, ya ce ta sha ta ƙoshi, akwai wani gidan man a gaba. Ta kafa kai tana sha, maƙogwaronta na hawa da sauka, ta miƙo ya ƙara mata. Rana na ta yi, mota cike, amma bai tayar ba sai da ta ajiye kofin.