Ranar da Maryama Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Shekara biyu Cha'ibu ya yi a duniya ba wanda ya san ba ya ji. Kunya ce ta jawo. Shi ne ɗan farin Maryama, kuma a Matameye mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ta ba shi nono, ta kau da kai. To wanda ba a kira, ta yaya za a gane ba ya amsawa?

Lokacin farin shekarar tamanin da huɗu ne, soja ke mulki. Uban yaron, Rabi'u, ya tafi ci-rani Kano, aka rufe iyaka, ya maƙale can. Gida ya rage daga Maryama sai uwar mijinta, A'ishatu. Tsohuwa ta ga jika ba "inna" ba "baba", sai kallo, ta ce ɗan ruwa ne, aljanu sun musanya mata jika. Ta ga wani boka a Dungu, ya ce a kawo shi ranar Laraba a ajiye bakin tabki, masu shi su karɓi abinsu.

Maryama ba ta da bakin magana a kan ɗan fari. Amma tana da ido. Ta lura in tana daka, yaron kan zo ya dafa turmi yana dariya, da ya ɗauke hannu sai dariyar ta tsaya.

Ranar Talata kamiyon soja ya kawo dawar taimako. Mata na layi, direba ya danna oda. Yara suka watse, har jakuna suka zabura. Cha'ibu na zaune cikin rairayi, ya ba motar baya, ko waige bai yi ba. Maryama ta fita daga layin da ta kama tun hantsi, ta tsaya bayansa a gaban matan unguwa duka.

"Cha'ibu," ta ce.

Bai motsa ba. Ta durƙusa ta sa baki a kunnen dama, shiru. Ta koma na hagu ta ɗaga murya. Yaro ya juyo ya dube ta.

A'ishatu ta riƙe haɓa. "Ke ƴar nan, ina kika baro kunyarki?"

"Tana can layin dawa, Inna, in kina so ki ɗauko. Yaron nan ba aljani ba ne. Kunnensa ne."

Ta goya shi sai gidan likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya leƙa kunnuwan, ya tafa ta nan ya tafa ta can. Ya ce na dama ya mutu, na hagu da saura. Ya ce ta riƙa yi masa magana kusa, fuska da fuska, yana ganin bakinta.

Laraba ta yi, Maryama ta zauna bakin ƙofa, ɗa a cinya, taɓarya a gefe. Ba wanda ya je Dungu.

Daga nan ba ta sake yin shiru ba. A rijiya surutu da yaro, a kasuwa surutu, mata na yi mata dariya. Kafin damina ta faɗi, Cha'ibu ya buɗe baki ya ce "tuwo". A shekarar nan kuwa ba shi kaɗai ke neman sa ba.

Masu dariyar nan su suka dawo suna kawo mata jarirai a ɓoye. Takan zagaya bayan jariri ta ƙwala cokali a kwano. Wanda ya zabura ta miƙa wa uwarsa, wanda bai zabura ba ta ce a wuce wajen majo. Yara uku aka gano haka.

A'ishatu dai ta rantse ba ta ƙara amsa gaisuwar marar kunya. Shekara shida suna gida ɗaya, kullum safiya Maryama na durƙusawa ta gaishe ta. Har tsohuwar ta rasu ba ta amsa ko sau ɗaya ba.