Manaja a Cikin Kwali

Kwali mai huji shida. Tsohon tawul. Gwangwanin madara. Takardar asibiti, ninki huɗu, a aljihun gaba. Cikin kwalin kuma muzuru ɗaya, sunansa Manaja.

Direban tasi ya kalle ni ta madubi. "Maigida, kayan naka kuka yake."

"Ba nawa ba ne. Mai shi zan mayar wa."

Mai shi yayan matata ne, bakanike, Kawu a wajen 'yata. Shekara huɗu na yi a waje ina karatun aikin ruwa. Na bar 'yata tana da shekara biyu, na dawo na tarar tana kirana Baban Waya, don a waya ta san ni. Kawu ne ya kai ta makaranta ranar farko. Kawu ne ya cire mata haƙorin da ke girgiza. Shi ya ba ta ɗan muzurun da ke kwana kan kujerar ofishinsa a gareji, inda ya samo sunan Manaja.

Ni ma ban dawo hannu rabbana ba. Na kawo mata ƙaton tedi, abin wasan yara mai siffar dabba, ya fi ta tsawo, gashi har ido. Na shimfiɗa mata kafet mai laushi a ɗaki. Ta ce ta gode. Manaja ya haye cikin tedin ya yi barci, ita kuma ta kwanta gefen Manaja. Ni ina bakin ƙofa.

Cutar asmarta tsohuwa ce, amma wata biyu da dawowata ta tsananta. Ƙirjin yana fito, abin shaƙa ba ya barin hannun uwarta. Likita ta yi mata gwaji a fatar hannu, wuri biyu suka kumbura. Ta zana su a takarda. Ƙaramar da'ira, gashin kyanwa. Babbar da'ira, ƙurar da ke maƙalewa a kafet da kayan wasa masu gashi. Ta ce duka a raba yarinyar da su.

A gida ƙaramar kawai na karanta wa matata. Daɗin da na ji ina karantawa, ban ji irinsa ba ranar da aka ba ni digiri.

Da na isa garejin, na tarar da ƙafafun Kawu kaɗai a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin wata farar mota. Ya zamo ya fito yana goge hannu.

"A'a, Dakta! Dakta na famfo! Yau a garejin talakawa?"

"Yaya, manajanka na kawo maka. An sallame shi."

Ya buɗe kwalin. Muzurun ya fito, bai ko kalle ni ba, ya wuce kai tsaye ya hau kujerarsa.

"Laifinsa?"

"Cutar asma. Likita ce ta ce."

"To, in likita ce ai ba musu." Ya rataye tsumma a kafaɗa. "Amma shekara uku suna kwana tare. Sau ɗaya take shaƙa a wata, ni nake sayo abin, na sani. Yanzu an ce kullum."

"Ciwo yakan girma da yaro."

"Haka ne. Ni dai in aka kawo min mota tana tari, abin da nake fara tambaya, me aka sa mata sabo? Ba ni takardar in gani."

"Ba za ka gane ba, Yaya."

"Turancin ba zan gane ba. Zane kuwa, da shi nake cin abinci."

Na ba shi. Babban yatsansa ya bar baƙin mai a gefe.

"Wannan ƙaramin na Manaja ne?"

"Nasa ne."

"Wannan ƙaton fa, na wane ma'aikaci ne?"

Na kalli wata taya. Ya ninke takardar yadda na kawo ta, ya sa min a aljihu da kansa, ya ɗan daddaɓa wurin.

"Manaja zai zauna, aiki ma ya yi masa yawa a nan. Ƙanwata kuma ba za ta ji daga bakina ba. Kai ka yi karatun."

Na fi son da zagina ya yi.

Da na koma, matata tana wanke kwanuka. Ta nuna ɗakin yarinyar da haɓa. "Tun fitarka ba ta ci komai ba. Amma ka ga abin mamaki, yau ta rungumi tedinka."

Na leƙa. Tana zaune kan kafet, ta cusa fuska cikin gashin tedin, hannu biyu sun zagaye wuyansa. Wata biyu nake jiran ganin haka. Daga bakin ƙofa ina jin fiton ƙirjinta.

"Kina son shi yanzu?" na ce.

"Warin Manaja yake yi."

Na durƙusa na zare mata shi. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi, da idon nan irin na kawunta. Na ba uwarta ita da abin shaƙa, na naɗe kafet ɗin, na kinkimi tedin a kafaɗa.

"Wai me kake yi ne, Abbanta?"

Na miƙa mata takardar. "Da'ira biyu ne. Ɗaya na karanta miki."

Na jefa su ɗakin ajiya, na ja ƙofar, na murɗa makulli.

"Ba tedi, ba kafet, ba muzuru a gidan nan," na ce. "Ran Asabar za ta je gareji ta gaishe shi daga nesa. Kuma ba Kawu zai zo ɗaukarta ba. Ni zan kai ta."