Ranar da Wargaji Ya Shiga Gaban Mota

Luba ta sake jan bel ɗin kujera ta zagaye kejin magenta, ta ɗaure, ta girgiza shi don ta ji ko ya kama. Sannan ta karkatar da iskar mukayyif, na'urar sanyaya motar, ta daina dukan Mishmisha kai tsaye, domin a ganinta magen nan mai saurin mura ce, ko da yake ba wanda ya taɓa jin ta yi atishawa. Ta madubin mota kuwa tana hango abin da ba ta son kallo: kunnuwan tsohon karen mijinta a bayan a-kori-kurar, da harshensa a waje.

Mijin nata, Isha'aku, mutumin Tawa ne. Shekara ashirin da shida yana gadin wani siton tayoyi a Madinar Masana'antu, yau kuma aikin ya ƙare. An sayar da siton, sababbin masu shi sun ce kyamarori sun ishe su. Yanzu haka ya hau benen ofis ya miƙa makullai, ya karɓo takardar da za a mai da iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, hannun matarsa, tunda ita haifaffiyar Jidda ce, 'yar ƙasa. Karen kuwa, Wargaji, ba ya cikin kayan da aka sayar. Isha'aku ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo a cikin wata tsohuwar taya, suka yi shekara goma sha ɗaya tare a bakin ƙofa guda. Wani mai gona a wajen gari, Hamad, ya ce a kawo shi ya gani, in da sauran amfani ya riƙe. Saboda haka aka tsara tafiya ɗaya: a kai mage allura wurin likitan dabbobi, a wuce da kare gona.

Rigimar ta tashi ne da aka fito da karen waje aka rufe ƙofar siton. Isha'aku ya so Wargaji ya kwanta a ƙasan kujerar gaba, inda sanyi ke kaiwa. Har da hujja ya kawo, ya ce malaman garinsu sun karantar da su kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki ce ake wankewa. Luba ta ce malaman Tawa su zauna a Tawa, ita abin da aka koya mata tun tana yarinya a unguwar Nuzla daban ne, kuma abayarta sabuwa ce, kuma Mishmisha ba ta taɓa shaƙar numfashin kare ba. Daga ƙarshe ta ce ko ita ko karen. Shekara talatin da aure Isha'aku bai taɓa cin irin wannan muhawara ba, ba kuma yau zai fara ba. Ya shimfiɗa kwali a bayan motar, ya ɗaure karen da gajeriyar igiya don kada ya yi tsalle, ya ajiye masa ruwa a gwangwani, ya gyara motar ta shiga inuwar katanga. Ya ce minti biyar, ya tafi, ya manta wayarsa a gaban sitiyari.

Ba wai Luba ta tsani karen ba ne. Ita ce fa take ƙulle ragowar shinkafa da ƙashin kaza a leda kullum ta miƙa wa mijin, tana cewa don kada a yi almubazzaranci ne kawai. Amma tausayi daga nesa daban, zama kujera ɗaya daban.

Minti biyar na ofis sun zama ashirin, suka zama arba'in. Watan Agusta ne, tsakar rana, lokacin da ba a barin ma'aikata su yi aiki a fili, don haka titin fayau, ko mai shara babu. Luba tana ta hira da magen, ba ta lura inuwar katangar ta janye ta bar bayan motar a rana ba. Ta dai ji ƙarar gwangwani ya kife. Daga baya ta riƙa jin farata suna ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, ta ce a ranta karen nan ba shi da natsuwa. Sai kuma ƙarar ta tsaya. Ta duba madubi, ba kunnuwa.

Shirun ne ya fito da ita. Zafi ya mare ta tun kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa. Da ta leƙa, sai ta tarar Wargaji kwance a gefe guda, ya ture kwalin wajen neman tsira, jikinsa kan ƙarfe tsirara. Haƙarƙarinsa na hawa da sauka da sauri, yawu ya yi kauri a bakinsa, harshen ya yi ja har ya soma duhu. Ta ɗora hannu a murfin bayan motar, ta janye da sauri, ƙarfen kamar tanda. A lokacin ta gane ƙwas-ƙwas ɗin da ta yi ta ji, ɗaga ƙafa yake yi ɗaya bayan ɗaya don ƙasan na ƙona shi. Kunya ta rufe ta, domin ba wanda ya sa shi a wurin sai bakinta.

Ta koma ta danna hon ta riƙe. Ba wanda ya leƙo. Ba ta iya tuƙi ba balle ta matsar da motar, 'yarsu Shahad ce mai tuƙi, ita kuma tana wurin aiki a can arewacin gari. Luba ta naɗe hannu da gefen mayafinta ta sauke murfin. Igiyar ta ƙi kuncewa, sai da ta sa haƙori. Daga nan ba sauran dabara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mace mai shekara hamsin da bakwai da ciwon gwiwa ta rungumi kare a ƙirjinta, ta jawo shi, suka zube tare a ɗan siririn inuwar da ke gefen motar. Yawun da take gudu ya wanke mata abaya daga kafaɗa zuwa ciki.

Robar ruwan shanta rabi ce. Ta juye masa a ciki da tafin ƙafafu, ƙasa ta shanye nan take. Ta laluba bayan kujera ko akwai wani, hannunta ya faɗa kan jarkar zamzam da ƙaninta ya kawo mata daga Makka, wadda take ta cewa a shigar da ita gida ana mantawa. Ta tsaya riƙe da jarkar kamar na numfashi uku. Sannan ta ce Allah ya san nufinta, ta yi bisimilla, ta buɗe.

Ta jiƙa masa ciki da hammata da bayan kunnuwa. Ta cire mayafin sama ta jiƙa, tana fifita shi da shi. Ta zuba kaɗan a tafin hannunta ta kai bakinsa. Da farko bai motsa ba. Can sai ta ji harshe mai kaushi, mai zafi, ya taɓa tafinta, ya lasa, ya sake lasa. Tsigar jikinta ta tashi, amma ba ta janye hannun ba.

"Yalla, ya shaiba, maza tsoho," in ji ta. "Tashi. Kada ka mutu a hannuna, haram alaik, kada ka yi mini haka. Me zan ce wa Isha'aku?"

Ya yunƙura sau biyu ya faɗi, a na uku ya tsaya yana tangaɗi. Ta buɗe ƙofar gaba, ta ɗora ƙafafunsa na gaba, ta tura ƙugunsa da kafaɗarta har ya shige ƙasan kujera, daidai inda mijinta ya roƙa tun farko. Ta hau ta rufe ƙofa, ta mai da iskar mukayyif duka ƙasa. Mishmisha ta kumbura ta cika kejin, ta yi huci, ta zuro hannu ta tsakanin ramukan ta kai wa iska yakushi. Luba, wadda ba ta taɓa ɗaga wa magen nan murya ba, ta ce mata ta yi wa mutane shiru.

Haka Isha'aku ya same su. Ya fito da takarda a hannu, ya ga bayan mota wayam, igiya na reto, ya tsaya cak. Da ya buɗe ƙofa ya ga kan Wargaji a kan ƙafar matarsa, ya ga abayar, ya ga jarkar ba komai a ciki, sai ya zuba wa matar ido. Ita ce ta ce ya daina kallonta ya ja mota, likita za su, kuma ba don mage ba.

Suka kama hanyar likita. Ya saci kallon jarkar.

"Zamzam ne wannan, Luba?"

"Shi ne."

"Bara da na yi zazzaɓi, rabin kofi kika ba ni."

"Kai kana da bakin tambaya," in ji ta. "Dubi hanya."

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya sa bayan hannu ya goge ido yana cewa hasken rana ne.

Likitar, wata matashiya mai suna Razan, ba ta raga musu ba. Ta sa wa karen ƙarin ruwa, ta shafa magani a tafin ƙafafunsa da suka sale, ta ce da an ƙara minti goma da sai dai wani labarin. Ta ce ba a ɗaukar dabba a buɗaɗɗen bayan mota da rana a garin nan, ba a kuma barin ta a mota a tafi, ko an sauke gilashi, ko minti biyar ne. Isha'aku ya fara cewa laifinsa ne, Luba ta katse shi ta ce likita ta rubuta sunanta in rubutawa ake yi, ita ce ta hana. Likitar ta yi murmushi, ta ce karen na bukatar kwana goma a wuri mai sanyi, ba gona ba. Da ta ji akwai mage a gidan, ta ce kowa da kwanonsa, a bar wa magen wuri mai tsayi da za ta hau in ta ga dama, a bar su su shinshini juna ta ƙasan ƙofa kwana biyu, kada a tilasta musu abota. Mishmisha ta sha allurarta a ƙarshe, cikin fushi, ba wanda ya lallashe ta kamar yadda ta saba.

Bayan la'asar suka iso unguwarsu, Sa'alaba. Gidansu tsohon gini ne mai hawa ɗaya, da ɗan tsakar gida da ɗakin ajiya a gefe. A hanya magen ta gaji da huci. Ta kwanta ta manna hanci a ramin kejin tana kallon karen da ke ƙasa, shi kuma ya ɗaga ido sau ɗaya ya kaɗa bindi, ta kau da kai kamar ba da ita yake ba.

Isha'aku ya tsayar da mota a ƙofar gida bai kashe ba. Ya ɗauki waya ya ce bari ya kira Hamad ya roƙe shi kwana goma, bayan nan zai kai karen, ba zai ɗora mata nauyi ba. Yana magana hannunsa na dama na shafa aljihun da makullan siton suka saba zama. Ya shafa, ya ji ba komai, ya sauke hannun, jim kaɗan ya sake shafawa. Luba ta dube shi sosai, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ga gemun ya yi fari fat. Ta tuna gobe da asuba zai dawo daga masallaci ba inda za shi, ba wanda zai tare shi a bakin ƙofa yana kaɗa bindi, kuma mutumin nan ba mai zaman shayi da surutu ba ne. Tausayinsa ya kama ta.

Ta karɓe wayar daga hannunsa ta ajiye a cinyarta. Ta fara jero dokoki tana lanƙwasa yatsu. Ɗakin ajiya za a share a sa masa fanka. Ba zai shiga falo ba, ba zai shiga kicin ba, ba zai kusanci inda ake salla ba. Kwanonsa daban, kuma Isha'aku ne mai wankewa. Kan firji da saman katanga na Mishmisha ne. In za a fita da su, mage a keji da bel, kare a ƙasan kujera a kan tsohon bargo, kuma ba mai sauka ya bar su ko da zai sayo burodi ne. Isha'aku yana ta gyaɗa kai yana cewa dakor, dakor, wato ya yarda, har ta kai ƙarshe. Sannan ya tambaya a hankali, duk wannan na kwana goman ne?

"Wa ya ce maka kwana goma? Khalas, magana ta ƙare, ya zo gida."

Ya kashe motar. Ya ce to maƙwabta fa, da limamin unguwa? Ita ta fi shi sanin ba a ajiye kare a gida haka kawai, sai don farauta ko kiwo ko gadi.

"Ka ce musu gadi yake yi."

Isha'aku ya leƙa ƙasan kujera. Wargaji ya yi barci, ƙafafu a naɗe da bandeji, yana minshari ta tsakanin haƙoran da suka rage masa.

"Luba, haƙoransa huɗu. Ko Mishmisha ta fi shi ban tsoro. Gadin me zai yi?"

Ta kwance bel ɗin kejin, ta rungumi magenta, ta buɗe ƙofa a hankali don kada ta tashe shi.

"Gadinka zai yi," in ji ta. "Ɗauko shi, ka kula da ƙafafun."