Ranar da Ridwanu Ya Durƙusa

A duk abin da ake koyarwa a cibiyar nan ta koyon neman aiki da ke Iyana Ipaja a Legas, babu wanda ya ba Ridwanu wuya kamar kallon mutum ido cikin ido.

Cibiyar ɗaki ɗaya ce a saman wani shagon tayoyi. Wata ƙungiya ce ta buɗe ta bayan sojoji sun koma bariki, don samarin da ba su da mai tsaya musu. Ridwanu na cikinsu. Rumfar tumatirin mahaifinsa ta ƙone a rikicin kasuwar Mile 12, tsohon kuma bai daɗe ba bayan haka. Shi da takardar sakandarensa sai ya koma dako a kasuwar da a da ake ce masa ɗan mai rumfa.

Mai koya musu, Malama Kalsum, haihuwar Agege ce, ba ta gama magana ba ta tsoma Yarabanci ko Turanci a ciki ba.

"Ƙarfi ya yi yawa a Legas, ba shi kamfani ke nema ba," in ji ta. "Oga yana son wanda zai tsaya ya yi magana, ya faɗi abin da ya iya. Ridwanu, me ka yar a ƙasa ne? Faɗa mana mu taya ka nema."

Aji ya kwashe da dariya. Ridwanu ya ɗago kai, ya dube ta, idon ya sake zamewa.

"Ka ga? Kai a wurinka ladabi ne. Su a wurinsu, wanda ba ya kallon ido ko ɓarawo ne ko dolo."

Ya sa kansa ya koya. Ya fara da kwandastan motar haya ta danfo, ya koma kan mai shayin layinsu, har mai shayin ya tambaye shi ko rigima yake nema. Ya haddace abin da zai ce: yana jin Hausa da Yarabanci da Turanci, ya san 'yan kasuwar Arewa da halinsu, ya iya kwantar da hankalin mai fushi. Dokar cibiyar kuwa kowa ya san ta. Wuri ɗaya ake tura mutum. Wanda aka ƙi ɗauka, ya ba na baya wuri.

Nasa wurin ya fito a Ogba, wani babban sito na sabulu da man girki da ke neman mai jin Hausa, wanda zai riƙa hulɗa da masu lodin kaya zuwa Arewa. Baba Na'Allah ne ya kawo labarin, aminin mahaifinsa, shugaban masu gadin wurin. Shi ya raɗa wa Ridwanu suna, shi kuma ya shiga kabari ya karɓi gawar mahaifin.

Ranar ganawa Ridwanu ya ari riga mai dogon hannu. Da aka kira shi ya ƙwanƙwasa ƙofa yadda aka koya masa, ya shiga da kafaɗa a miƙe. Manajar Bayarabiya ce mai gilashi, kowa Madam yake ce mata. Ya dube ta sosai, har ya fara miƙa hannu.

"Na kira Baba ya zauna da mu," ta ce da Turanci, tana murmushi, "don ka saki jikinka."

Sai a lokacin ya gan shi, zaune a gefe cikin kayan gadi, hannuwa bisa gwiwa.

Ridwanu bai yi shawara da kansa ba. Ƙafafunsa ne suka zame takalman, gwiwoyinsa suka kai ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗan nan. Ya mutanen gida? Ya mahaifiyar taka da ƙafar?"

"Da sauƙi, Baba."

"To madalla. Ya haƙuri?"

Gaisuwar ta ja, don ba shi zai yanke ta ba. Madam ta duba agogo, ta nuna masa kujera. Kujerar na dab da ta Baba, tsayinsu ɗaya. Ya ɗosana a bakinta kamar mai shirin gudu, kansa a sunkuye.

"To, faɗa mini, me ka iya?"

Amsar tana nan a bakinsa, babu abin da ya manta. Amma yaya mutum zai buɗe baki ya yabi kansa a gaban wanda ya san shi tun yana tsumma? Ya ji numfashin tsohon a gefensa.

"Ina dai ƙoƙari, Madam."

"Ƙoƙarin me?"

"Duk abin da aka sa ni."

Ta sake jefo masa tambaya. "A ce wani Alhaji ya zo yana maka tsawa, sai an loda masa kaya kafin a ba shi izini daga ofis. Me za ka yi?"

Wannan ma sun yi ta a aji, Malama Kalsum ta zama Alhajin, shi kuma ya hana ta kayan cikin lalama har aka tafa masa. Yanzu kuwa cewa zai hana babba abu, a kunnen babba, ya yi masa nauyi kamar buhun albasa.

"Babba ne. Sai in ba shi haƙuri."

"Ka kuma ba shi kayan?"

Ya kalli yatsun ƙafarsa.

Madam ta juya. "Baba, kai ka kawo shi. Ya iya aiki?"

Baba Na'Allah ya gyara zama, ya amsa da gurɓataccen Turancinsa na bakin get. "Yaro ne, Madam, bai san komai ba tukuna. Ku dai taimaka ku riƙe shi saboda Allah."

Abin da kowane uba mai kara zai faɗa ke nan. Ba a yabon ɗan cikin gida a gaban mutane, wanda ake faɗa wa shi zai gane ya ƙarasa yabon da kansa. Madam kuwa tambaya ta yi, mutumin da ta yarda da shi ya ba ta amsa. Ta ce za su neme shi, ta ce a turo na gaba.

Baba ya raka shi har bakin get, fuskarsa fal annuri.

"Ka yi ladabi, ɗan nan. Ka ga na wajen nan, masu zare wa mutane ido? Marigayi bai yi asarar tarbiyya ba. In sha Allahu aikin naka ne."

"Allah ya sa, Baba."

Da ya koma cibiyar a makon da ya biyo baya, Malama Kalsum ta fito da shi baranda. A ciki sababbin samari sun cika bencina.

"Na je na sami Madam," ta ce. "Ta ce ko wanda ya kawo ka ya ce ba ka san komai ba."

"Malama, ai ba haka yake nufi ba."

"Na sani, Ridwanu. Ni ma har yau ba na zama a kujera gaban babana. Na yi mata bayani, ta ce abin sha'awa ne, amma sun riga sun ɗauki wani."

"Ba wani wurin?"

Wannan karon ita ce ta kawar da kai, tana kallon danfo da ke layi a ƙasa. "Ka riƙa leƙowa."

Ya leƙo har ya gaji. Ya mayar da rigar aro, ya koma Mile 12, inda babu mai tambayarsa abin da ya iya sai dai a ɗora masa kwando.

Duk Juma'a, in an sallame a masallacin unguwarsu a Agege, Baba Na'Allah yakan laluɓo shi a cikin sahu.

"Sun kira ka?"

"Tukuna, Baba."

"Haƙuri za ka yi, haka aikin kamfani yake. Zan sake tuna wa Madam."

Ridwanu yakan durƙusa ya yi godiya. Faɗa wa tsohon abin da ya faru ya fi ƙarfinsa, ci gaba da cewa tukuna ma ya fara fin ƙarfinsa. Da damina ta shigo sai ya daina dawowa Agege sallar Juma'a. Yakan yi ta can cikin kasuwa, da kayan dakonsa a jiki.