Saura Wasa Uku

Noelene Pask ta tura ƙofar ɗakin da kafaɗa, don hannayenta biyu suna riƙe da tukunyar miyar kabewa, ta tarar musu ya riga ya yi nisa. Maƙwabcinta Alby Trethowan yana jingine da matasai uku, robar iskar numfashi a hancinsa. Allon ƙarfe na kulob ɗin ƙwallon garinsu, irin wadda ake cafewa da hannu a buga da ƙafa, yana kan cinyarsa, sunayen 'yan wasa manne a jiki da maganaɗisu. Koci Gav Dwyer yana kan kujerar da nas take zama, ya ɓamɓaro suna ɗaya yana juya shi a tafin hannu.

"Na ce ka mayar da shi," in ji Alby.

"Alby, sau huɗu ya taɓa ƙwallo ranar Asabar. Huɗu kacal. Karen da ya kutso fili ma ya fi shi taɓawa."

"Karen ba ɗan shekara sha bakwai ba ne. Mayar da shi inda ka ɗauko shi."

Noelene ta ture kwalaben magani ta ajiye tukunyar. Ba sai an gaya mata ba, sunan ɗanta Tully ne a hannun Gav.

A garin Warrabin ranar Alhamis ake zaɓen 'yan wasa, a ɗakin kulob bayan atisaye. Amma tun watan Mayu da likitoci suka sallamo Alby gida, suka ce huhunsa ya gama aiki, sai zaɓen ya biyo shi har gado. Shekara talatin da ɗaya shi ne shugaban masu zaɓe, kuma ba a samu mai ƙarfin halin ce masa ya huta ba. Yana da doka guda wadda ko mai sayar da fetur ya haddace: duk yaron da aka ɗauko daga 'yan ƙasa da sha takwas aka sa shi cikin manya, sai ya yi wasa shida a jere, ya yi kyau ko ya yi muni. Tully ya yi uku, duka ukun kuwa ba su da daɗin kallo.

"Muna bukatar nasara jibi in muna son shiga zagayen ƙarshe," in ji Gav.

"Zagayen ƙarshe." Alby ya tsaya ya ja numfashi. "Kai Gav, 'yan bayanka uku in aka haɗa shekarunsu sun haura ɗari. Badi wa zai buga maka? Ni?"

Gav ya yi dariyar da bai shirya ba, sannan ya shafa ƙeya. "To, ko na yarda ma, maganar ba a hannuna take ba. Ga uwarsa nan, tambaye ta."

A gasar yankinsu, yaron da bai cika sha takwas ba ba ya shiga cikin manya sai da takardar yardar iyaye. Noelene ta sa hannu a farkon watan Yuli, da alfaharinta ma. Amma Asabar da ta wuce wani ƙato mai sana'ar aske tumaki ya yi tsalle zai cafe ƙwallo a sama, ya kafa wa Tully gwiwa a gadon baya ya bi ta kansa kamar matakala. Alƙalin wasa bai busa komai ba, don haka wasan yake. Yaron ya faɗi da fuska, leɓe ya fashe. Litinin da safe ta buga wa sakataren kulob waya ta janye yardarta. Sakataren ya aiko mata sabuwar takarda ko za ta sake tunani, tana nan a kicin ƙarƙashin kwandon lemo.

"Na janye, Alby," in ji ta. "Ya koma cikin sa'anninsa. Can yana cin ƙwallo biyar a wasa ɗaya, ya dawo min da haƙoransa cikakku."

"Can ba abin da ya rage masa ya koya, 'yar nan."

"Ba kai kake wanke jini a jikin matashin kai ba."

Alby ya dube ta ta saman tabarau na ɗan lokaci. "Miyar nan da gishiri yau, ko irin ta jiya ce?"

"Da gishiri."

"To zuba min."

Cokali uku ya sha. Gav ya manna sunan Tully a bakin allon, ba ciki ba, ba waje ba, ya jingina allon da bango ya yi sallama.

Da Noelene ta koma gida ta tarar da Tully a kicin yana cin burodi a tsaye, jakar waken firiza mai ƙanƙara soke a ƙugun wandonsa ta baya don rage ciwon bayan. Tsayi dai ya yi tsayi, sai ya sunkuya yake shiga gareji, amma jikin babu komai sai ƙashi da gwiwoyi. Tun Litinin bai roƙe ta ba, bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi damunta fiye da in ya buga ƙofa.

"Me suka ce, Mama?"

"Suna jirana." Ta kunna butar shayi. "Kai ba ka jin tsoro ne?"

"Ina ji mana. Har amai nake yi kafin mu fita. Dot mai ɗaure mana gwiwa ta ware min bokitina."

"To, mene ne na nacin?"

Ya tauna ya haɗiye. "Ranar Asabar, a zango na uku cikin huɗun wasan, na fara ganin inda ƙwallon za ta faɗo tun kafin a buga ta. Ban kai wurin ba dai, sun riga ni. Amma na gani."

Ta karɓe jakar waken ta mayar firiza tun ba ta narke ba.

Ranar Juma'a ba ta je aikinta na gidan waya ba, saboda nas ta tare ta a bakin ƙofa da safe ta ce kada a bar Alby shi kaɗai yau. An yi sanyi sosai, ciyawar gaban gida fari fat da raɓa mai ƙanƙara har ƙarfe tara. Ta ƙara itace a murhun falo, ta ba tsohuwar karyarsa abinci, ta shiga. Alby ya ce ta aske masa gemu, wai ba zai tarbi kowa da fuskar ɓarawon tumaki ba.

"Daina motsi, kar in yanke ka."

"Yanke mana. Me ya rage a ciki?"

Tana shafa masa kumfa yana magana a gutsure, yana hutawa tsakanin kalmomi. Ya tambaya ko ta kira ɗansa Graeme, wanda ke aikin haƙar ma'adinai can yamma. Ta ce ta kira, jirginsa sai gobe da rana.

"Kin san ya fi Tully iya wasa?"

"Graeme? Ban taɓa ganin ya riƙe ƙwallo ba."

"Ba za ki gani ba. Shekarata ta farko ke nan a zaɓe. Muka sa shi cikin manya yana sha bakwai, ya yi wasa ɗaya, ya rikice, ya yi ta zubar da ƙwallo. Ni kuma ina kunyar a ce na fifita ɗana. Da hannuna na cire sunansa, a gaban kowa." Ya yi tari mai tsawo, ta jira shi da reza a sama. "Bai ce uffan ba. Ya rataye takalman a gareji, bai ƙara sa su ba. Da ya cika ashirin ya bar garin."

Ta goge rezar a tawul.

"Yaro a wasan farko tsoro kawai yake ji," in ji Alby. "Na biyu ma haka. Na uku ya sha duka. Wajen na huɗu idonsa ke buɗewa. In kin cire shi a na uku, dukan kaɗai ya tafi da shi gida."

Ba ta yi niyyar gaya masa ba, amma ta gaya masa abin da Tully ya faɗa a kicin, na ganin inda ƙwallo za ta faɗo. Alby ya buɗe ido sosai, karo na farko a ranar.

"A wasa na uku? Ja'iri. Ya riga lokacinsa."

"Ban ce zan sa hannu ba fa."

"Na tambaye ki ne? Ɗanki ne. Gama min wannan ɓangaren, kin bar ni rabi da rabi."

Bayan azahar ya daina magana. Rediyonsa na kan taga a kunne kamar kullum, ana karanta farashin 'yan tumaki a kasuwannin mako. Ta zauna a kujerar nas riƙe da hannunsa, tana jin numfashin yana tsayawa, ya dawo, ya sake tsayawa. Wajen ƙarfe uku da kwata ya tsaya bai dawo ba. Ta jira har mai rediyon ya gama da tumaki ya shiga alkama, sannan ta tashi ta kashe injin iskar, ta cire masa robar da tabarau, ta rufe masa ido. Ta kira nas, ta kira Graeme, ta buɗe ƙofar shinge don motar masu ɗaukar gawa ta samu shiga.

Sai da ta fito bayan gida ɗebo itace kukan ya zo mata. Ta zauna a kan kututture ta yi shi sosai. Shekara goma sha ɗaya ke nan da uban Tully ya ɗauki motarsa ya tafi, kuma tun ran nan Alby ne yake gyara mata famfo, shi ya koya wa yaron buga ƙwallo ta saman wannan shingen. Tana ƙaunarsa, tana kuma jin haushinsa, don ya tafi ya bar mata maganar a wuya.

Asabar ta waye da iska mai yanka kunne. Kafin ƙarfe ɗaya motoci sun kewaye filin, hanci a jikin shinge, mutane a ciki da barguna da filas ɗin shayi. An sauke tutar kulob zuwa rabin sanda. Noelene ta tsayar da motarta kusa da ɗakin canza kaya. Tully ya fita da jakarsa bai san ko wasa zai yi ko ruwa zai kai wa masu wasa ba.

Gav ya zo ya leƙo ta taga. "Noelene, ba wanda zai ga laifinki in kin ce a'a. Na riga na shirya wanda zai maye gurbinsa."

Ta dubi ɗaya gefen, inda baƙin 'yan wasan da za a kara da su suke fitowa daga motocinsu. Wani mai jan gemu, wuyansa kamar na bijimi, yana miƙa wa matarsa jaririya kafin ya ɗauki jakarsa.

"Wancan fa?"

"Shi zai riƙe Tully. In ya shiga."

Tsoron yana nan yadda yake ranar Litinin, bai ragu ko kaɗan ba. Ta fito, ta shimfiɗa takardar a kan murfin mota, ta danne ta da gwiwar hannu saboda iska.

"Ba ni biro. Kuma kada in ji wani a garin nan ya ce don mamaci na yi. Yaron ne ya ce ya fara gani."

"Ba wanda zai ce."

"Duka ukun da suka rage, Gav. Ko sau ɗaya ya taɓa ƙwallo yau, kar ka zo min da zancen kare ranar Alhamis."

"Ukun," in ji Gav, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

A ƙofar ɗakin canza kaya Dot Fahey, mai ɗaure wa 'yan wasa gwiwa da idon sawu, ta kafa teburinta. In ɗan kulob ya rasu, kowane ɗan wasa yakan fita da baƙin salatif a damtsen hagu. Dot ta yanka guda ashirin da biyu, tsayi ɗaya, ta jera su suna reto a bakin tebur. Mazan suka fara fitowa cikin rigunansu marasa hannu, suna warin man zafi, manoma da direbobi da malamin firamare ɗaya. Kowa ya miƙa damtse, Dot ta zagaya sau ɗaya, bakin salatif ya haɗu da ƙyar, ta buga masa kafaɗa ya wuce.

Tully ne na ƙarshe. Fuskarsa ta yi fari, yana goge baki da bayan hannu. Dot ta ɓamɓaro salatif ɗin da ya rage, ta dubi Noelene, ta miƙa mata.

"Ungo. Yatsuna sun ƙage."

Noelene ta kama hannun ɗanta. Fatar ta yi sanyi, tsigar jikinsa duk a tashe. Ta manna bakin salatif ɗin ta zagaya, ta ga saura da yawa, ta sake zagayawa. Sau biyu ya kewaye damtsen har da ɗan ragi. Ta danne ƙarshen da babban yatsa, ta riƙe shi a wurin.

Jiniyar fara wasa ta yi ƙara daga ɗakin masu duba lokaci.

"Mama, sun fita," in ji Tully.

Ta ɗage yatsanta.