Takardar Ɓoɓɓo ta Tara

"Goge wannan," in ji Ɓoɓɓo. "Kada ka rubuta ba ni da lafiya. Rubuta ina nan tafe."

Na ɗaga biro na dube shi. Mutum yana kwance a katifa, ƙafafu sun kumbura, sai ya huta sau biyu kafin ya ƙarasa magana ɗaya, amma wai yana nan tafe.

"Bafillace ke nan," na ce. "Fulako har a gadon jinya."

"Babarbare, rubuta abin da ubangidanka ya faɗa."

Ni Bukar, sana'ata rubuta wa mutane takardu da Faransanci a wata rumfa kusa da masallacin unguwarmu a New Bell. Bango ɗaya ya raba ni da Ɓoɓɓo, kuma shekara ashirin muna wasan Fulani da Barebari ba mu gaji ba. Yana aiki a Bonaberi, a wani siton kakawo, wato kokon da ake yin cakulan da shi. Da dako ya fara, aka mayar da shi ɗinkin buhu, daga nan ya zama mai duba kaya: ya tsaga ƙwaya da wuƙa, ya shinshina, ya ce wannan ya bushe, wannan ya sha hayaƙi. Mataki ɗaya ya rage masa, shef, wato shugaban masu dubawa. Duk Janairu in rubuta masa takardar neman muƙamin, duk shekara a kawo wani mai difloma daga waje, Ɓoɓɓo ya koya masa aikin. Wannan ce takarda ta tara.

Ba wurin zuwa ya rasa ba. Sau biyu wani kamfani na tashar jiragen ruwa ya neme shi. Salmanu, yayan matarsa Hadija, ya yi magiya har ya gaji a kan ya dawo shagonsa. Ni kaina na sha ce masa taurin kan nan nasa ko saniya ba ta da shi.

"Can in na je baƙo ne ni," haka yake cewa. "Nan na san har inda rufi ke yoyo. Waɗanda na koya wa fa, in bar wa wa? Inda aka gan ni da buhu a ka, nan nake so a gan ni na hau."

A da shi ke kai takardar da hannunsa, sanye da rigarsa ta Juma'a. Bana ni na ƙetare gadar kogin Wouri da ita cikin leda. Madam Ekwalla, mai kula da ma'aikata, ta karanta, ta tambayi jikinsa. Na faɗa mata gaskiyar da ya hana ni rubutawa.

Ran Juma'a da yamma sai ga ta a lungunmu, ta sauka daga bensikin, wato acaba, tana tsallake kwata da takalmi mai tsini. Hadija ta ruɗe, ta shimfiɗa tabarma biyu a kan juna. Madam ta zauna ta kwance ƙullin kakawo. Ta ce na'ura ta nuna kayan lafiya lau, amma mai saye ya ƙi karɓa, kuma duk siton an rasa mai gane dalili.

Ni na riƙe wa Ɓoɓɓo ƙwayar ya tsaga. Ya kai hanci, ya lumshe ido, ya daɗe.

"A kan kwalta aka shanya shi, gefen titi. Ga warin nan. Madam, na'urarku ba ta da hanci."

Ta yi dariya, sannan ta goge ido da bayan hannu.

"Papa Ɓoɓɓo, an sa hannu a takardarka jiya. Ran Litinin za a liƙa sunanka a matsayin shef."

"A allon bakin ƙofa? Inda kowa ke wucewa?"

"A nan ɗin."

Ya juya fuskarsa bango. Na lalubi abin da zan tsokane shi da shi, wallahi na rasa. Na fita tsakar gida kamar zan yi alwala.

Ran Lahadi bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa, kansa a cinyar Hadija. Bai kai Litinin ɗin ba. Wannan kwana ɗayan ya tsaya mini a rai, har a maƙabarta shi nake ta juyawa.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, sai ga mutane wajen ashirin sun shigo lungun cikin korayen kayan aiki, 'yan ƙabilun Basa da Bamileke da 'yan arewa, warin kakawo na biye da su. Babbansu, wani mai furfura, ya cire hula ya yi tambaya da Faransanci.

"Don Allah, ina ne gidan shef?"

Masu zaman makoki suka dubi juna. Salmanu ya ce babu wani shef a lungun nan, su gwada gaba.

Na miƙe tsaye.

"Nan ne," na ce. "Ku shigo."

Suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya suna kwance igiyar manyan takalmansu, suka jera su a gindin bango.